BABI NA BIYU: HAƊA ƘWAYOYIN NANO NA MAGNETAYIT DAGA SINADARAN TUSHE

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo manufar wannan bincike da dalilan gudanar da shi da kuma iyakar farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a yi bayani ne a kan yadda masana kimiyyar sinadarai suke haɗa ƙwayoyin nano na oksayid ɗin ƙarfe daga sinadaran tushe. Ire-iren oksayid ɗin ƙarfe suna da yawa, akwai na tutiya da na jan ƙarfe da na titaniyam da sauransu, kuma kowanne yana da hanyoyin da suka dace da shi. Saboda haka aka ga ya fi dacewa a ɗauki guda ɗaya a bi shi daki-daki, maimakon a taɓa kowanne sama-sama. Wanda aka zaɓa shi ne magnetayit, wato oksayid ɗin baƙin ƙarfe mai alamar Fe₃O₄, domin yana daga cikin waɗanda aka fi yin nazari a kansu, sannan ana iya haɗa shi ta hanyoyi mabambanta waɗanda za a iya kwatanta su da juna.

Abin da babin yake ƙoƙarin nunawa shi ne, ingancin ƙwayoyin da za a samu, wato girmansu da daidaituwarsu da tsarkinsu, yana rataye ne a kan irin sinadarin tushen da aka zaɓa da kuma yadda aka sarrafa shi a farkon aikin. Abin da ya ɓaci a wannan mataki da wuya wanki ko tacewa su gyara shi daga baya. Hausawa kan ce, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

2.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, yana da kyau a fayyace wasu kalmomi da za a riƙa cin karo da su a wannan babi.

Nanomita: Ma'aunin tsawo ne. Idan aka raba mita ɗaya gida 1,000,000,000, to kashi ɗaya daga ciki shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kan mutum yakan kai tsakanin nanomita 50,000 zuwa 100,000.

Ƙwayar nano: Ita ce ƙwayar da girmanta yake tsakanin nanomita 1 zuwa 100. A kan wannan iyaka ne Tarayyar Turai ta gina ma'anar da ta bayar a shekarar 2011, wadda ta sabunta a 2022.

Oksayid ɗin ƙarfe: Sinadari ne da ake samu idan wani ƙarfe ya haɗu da oksijin. Tsatsar da take cin fartanya ko kwanon rufi ita ma daga wannan dangi take. Shi magnetayit baƙi ne, maganaɗisu yana jan sa, kuma ana samun sa a ƙasa a matsayin tama, kamar wadda take Itakpe ta Jihar Kogi. A cikin kowane atam 3 na baƙin ƙarfe da yake ɗauke da su, ɗaya mai caji 2 ne, wato Fe²⁺, biyu kuma masu caji 3 ne, wato Fe³⁺.

Sinadarin tushe: Shi ne sinadarin da aka fara aiki da shi, wanda yake ɗauke da ƙarfen da ake son mayarwa oksayid. Yana iya zama gishirin ƙarfe mai narkewa a ruwa, ko kuma ƙarfen da aka ɗaure da wani sinadari mai maiƙo.

Sinadari mai ɗabi'ar kanwa: Shi ne wanda yake kashe tsamin asid, kamar amoniya ko sodar da masu yin sabulu suke amfani da ita. Ana auna tsami da kishiyarsa da ma'aunin pH, inda 7 take tsakiya, ƙasa da ita tsami ne, sama da ita kuwa ɗabi'ar kanwa ce.

Haka kuma, duk inda aka ambaci digiri na zafi a wannan babi, ana nufin na ma'aunin Salshiyas.

2.2 Muhimmancin Girman Ƙwaya

Mai karatu yana iya tambaya, tun da magnetayit ɗin tama da na ɗakin gwaji duk alamarsu ɗaya ce, me ya kawo wannan wahala? Amsar tana cikin abubuwa biyu.

Na farko shi ne faɗin fuska, wato yawan jikin ƙwaya da yake a fili, wanda zai iya haɗuwa da wani abu. Nauyin magnetayit yakan kai kimanin giram 5.2 a kowane kubik santimita. Idan aka lissafa, giram ɗaya na tsakuwoyinsa masu girman milimita 1 yana da faɗin fuska kimanin murabba'in santimita 12 kacal. Amma giram ɗaya na ƙwayoyi masu girman nanomita 10 faɗin fuskarsa ya kai kimanin murabba'in mita 116. Ke nan an sami ninki 100,000 ba tare da an ƙara ko giram ɗaya ba. Da yake a kan fuska ne guba take maƙalewa, kuma a nan ne sinadarai suke haɗuwa, wannan ƙari yana da babban tasiri.

Na biyu shi ne halin maganaɗisu. Babban dutsen magnetayit yana iya riƙe ƙarfin maganaɗisu ko bayan an janye wanda ya ja shi. Amma idan ƙwaya ta gaza kimanin nanomita 20 zuwa 25, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya riƙa jujjuya alƙiblar maganaɗisunta. Sakamakon haka, idan aka kusanto da maganaɗisu sai ta amsa da ƙarfi, da zarar an janye shi kuma sai ta saki. A wannan aiki za a kira wannan hali da sunan maganaɗisun aro. Shi ne yake ba da damar a saka irin waɗannan ƙwayoyi cikin jini ba tare da sun dunƙule sun toshe jijiya ba.

Wani abin lura a nan shi ne, ƙwaya mai nanomita 20 ta ninka mai nanomita 10 sau 8 wajen cika, ko da yake sau 2 kawai ta ninka ta a faɗi. Don haka idan aka sami gari mai ɗauke da manya da ƙanana a gauraye, to tamkar an haɗa abubuwa ne masu halaye daban-daban a kwalba ɗaya. Wannan ne ya sa masana suke damuwa da daidaituwar girma kamar yadda suke damuwa da girman kansa.

2.3 Niƙawa da Ginawa

Hanyoyin samar da ƙwayoyin nano sun kasu gida biyu. Akwai hanyar niƙawa, inda ake ɗaukar babban abu a yi ta farfasa shi, akwai kuma hanyar ginawa, inda ake tara atam a kan atam har ƙwaya ta samu.

Ta hanyar niƙawa ce Steve Papell na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ya samar da ruwa mai amsa kiran maganaɗisu a shekarar 1963. Ya yi ta niƙa garin magnetayit cikin mai tare da asid na oleyik na tsawon lokaci. Hanyar ta yi aiki, sai dai tana cin lokaci da wutar lantarki, ga shi kuma injin niƙa ba ya iya fitar da ƙwayoyi masu girma ɗaya. Wannan ya sa hankalin masana ya koma ga hanyar ginawa daga sinadaran tushe, wadda ita ce wannan babi ya sa a gaba.

2.4 Kafa Iri da Girma

Duk hanyoyin ginawa suna bin matakai biyu, wato kafa iri da kuma girma. LaMer da Dinegar (1950), waɗanda suka yi aikinsu a Jami'ar Kolambiya ta Amurka a kan ƙwayoyin farar wuta, su ne suka shimfiɗa bayanin da har yau ake dogara da shi.

Bisa ga bayaninsu, ruwa yana da iyakar abin da zai iya narkarwa, kamar yadda duk wanda ya taɓa zuba sukari da yawa a shayi ya sani. Yayin da sinadarin tushe yake sakin ƙarfensa, yawan abin da yake narke a ruwan zai yi ta hawa har ya wuce ƙoshi. Idan ya kai wani matsayi, sai atam su fara harhaɗuwa su kafa ƙananan iri masu yawa a lokaci guda. Kafuwar irin takan rage yawan abin da yake narke, ta yadda sabon iri ba zai sake kafuwa ba, sai dai abin da ya saura ya riƙa hawa kan irin da ya riga ya kafu. Wannan shi ne matakin girma.

Daga nan za a fahimci sharaɗin samun ƙwayoyi masu girma ɗaya. Dole ne kafa iri ya faru sau ɗaya cikin ɗan gajeren lokaci, sannan girma ya biyo baya shi kaɗai. Misalinsa kamar gonar da aka shuka rana ɗaya ce, amfaninta yakan tashi kai ɗaya. Idan kuwa ana shuka yau, a ƙara gobe, a ƙara jibi, to za a tarar da wani ya yi kai wani kuma bai wuce gwiwa ba.

Akwai kuma wani abu da yake faruwa idan aka bar ƙwayoyi suka daɗe cikin ruwan da aka haɗa su, wanda Wilhelm Ostwald na ƙasar Jamus ya yi bayaninsa a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙananan ƙwayoyi sun fi manya saurin narkewa, don haka sai su riƙa narkewa abin da suka saki yana komawa kan manyan. Wato dai manya suna cinye ƙanana. Wannan ya nuna cewa lokacin da za a tsayar da aiki shi ma yana cikin abin da ake sarrafawa.

2.5 Hanyar Kwantarwa Cikin Ruwa

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace yaɗuwa. An fi danganta ta ga René Massart (1981), wanda ya yi aikinsa a birnin Faris na ƙasar Faransa. Sinadaran tushenta gishirin baƙin ƙarfe ne iri biyu, wato kulorayid mai ɗauke da Fe³⁺ da kuma kulorayid mai ɗauke da Fe²⁺. Ana narkar da su a ruwa, a haɗa su da sinadari mai ɗabi'ar kanwa ana motsawa da ƙarfi, nan take sai baƙar laka ta bayyana. Ga yadda haɗuwar take:

Fe²⁺ + 2Fe³⁺ + 8OH⁻ → Fe₃O₄ + 4H₂O

Daga wannan lissafi za a ga cewa dole ne Fe³⁺ ya ninka Fe²⁺ sau 2, daidai da yadda suke a jikin magnetayit. Alal misali, idan aka auna giram 5.41 na FeCl₃·6H₂O da giram 1.99 na FeCl₂·4H₂O, to iyakar magnetayit ɗin da za a iya samu shi ne giram 2.32. Bayan laka ta kwanta, akan ɗora kwalbar a kan maganaɗisu ya riƙe ta a ƙasa, a tsiyaye ruwan sama, a wanke ta sau da dama. Ƙwayoyin da ake samu ta wannan hanya yawanci suna kai-komo ne a wajen nanomita 10.

2.5.1 Abubuwan da Suke Tasiri

Abu na farko shi ne yadda aka haɗa ruwan biyu. Fe³⁺ yakan fara kwantawa tun ruwa yana da tsami, a wajen pH 3, shi kuwa Fe²⁺ sai an kusa pH 7 ko an wuce. Idan aka riƙa ɗiga amoniya a hankali cikin ruwan ƙarfe, to Fe³⁺ zai riga ɗan'uwansa fita, ya samar da wasu sinadarai masu launin ƙasa-ƙasa kafin magnetayit ya kafu. Idan kuwa aka juye ruwan ƙarfen cikin amoniya, kamar yadda Massart ya yi, to su biyun za su tarar da pH mai yawa a lokaci guda. Ana buƙatar pH ya tsaya tsakanin 8 zuwa 14 kafin kwantawar ta cika.

Abu na biyu shi ne iska. Oksijin da yake narke a ruwa yana mayar da Fe²⁺ ya koma Fe³⁺, wanda hakan yake rushe ma'aunin 1 da 2 da aka auna tun farko. Saboda haka akan busa iskar naitirojin cikin ruwan kafin a fara da kuma lokacin da ake aiki. Haka nan gishirin Fe²⁺ da ya daɗe a buɗe yakan canza launi daga kore-kore zuwa ruwan ƙasa, alamar cewa ya riga ya lalace tun yana cikin kwalbarsa. Wanda ya yi aiki da irin wannan ya yi asara tun kafin ya kunna wuta.

Abu na uku shi ne yawan gishiri da tsananin pH. Vayssières da abokan aikinsa (1998) sun nuna cewa gwargwadon hawan pH da yawan gishirin da yake narke a ruwan, gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyin da za a samu.

2.5.2 Hana Dunƙulewa

Samar da ƙwayoyi wani abu ne, hana su mannewa da juna kuma wani aiki ne daban. A wajen pH 7 fuskar magnetayit kusan ba ta da caji, don haka babu abin da zai sa ƙwayoyin su ture juna, sai su dunƙule su nutse. Babbar gudummawar Massart ita ce ya nuna yadda za a ba fuskar caji, ko dai da asid ko kuma da sinadari mai ɗabi'ar kanwa, har ƙwayoyin su watsu cikin ruwa su zauna ba tare da sun kwanta ba. Idan kuwa ana son su zauna a pH irin na jini, wanda yake wajen 7.4, sai a lulluɓe su da wani sinadari kamar sitiret, wanda ake samu daga asid ɗin da yake cikin lemon tsami, ko kuma dekistiran, wanda dangin sukari ne.

2.5.3 Alfanu da Naƙasu

Alfanun wannan hanya a fili yake. Sinadaranta suna da araha, ruwa ne mazubinta, tana yiwuwa a zafin ɗaki ko ƙasa da digiri 100, kuma ana samun abu mai yawa cikin ɗan lokaci. Naƙasunta kuwa shi ne ta saɓa wa sharaɗin LaMer. Gishirin ƙarfe yana sakin ƙarfensa ne gaba ɗaya da zarar ya taɓa amoniya, don haka kafa iri da girma sukan cakuɗe, wani ɓangaren kwalba yana kafa iri yayin da wani ya riga ya shiga girma. A ƙarshe sai a sami ƙwayoyi masu bambancin girma, siffarsu kuma ba ta fita sosai ba.

2.6 Hanyar Tushe Guda

Akwai wata hanya ta cikin ruwa da take amfani da gishiri ɗaya tak. Sugimoto da Matijević (1980) sun fara da salfet na baƙin ƙarfe mai ɗauke da Fe²⁺ kaɗai, suka kwantar da shi ya zama haidiroksayid, sannan suka bar sinadarin naitiret ya riƙa mayar da wani kaso nasa zuwa Fe³⁺ a hankali a kan zafin digiri 90. Da yake Fe³⁺ yana samuwa ne kaɗan-kaɗan, irin da yake kafuwa bai da yawa, sai ƙwayoyin suka fito manya, daga kimanin nanomita 30 har zuwa sama da 1,000 gwargwadon yadda aka daidaita sinadaran. Irin waɗannan suna riƙe maganaɗisu. Wannan misali ya nuna cewa canza tushe kaɗai, alhali ruwa da ƙarfen ba su canza ba, ya isa ya fitar da abu mai hali daban.

2.7 Hanyar Wargaza Tushe da Zafi

Domin a shawo kan matsalar bambancin girma, masana sun koma ga sinadaran tushe waɗanda ba sa sakin ƙarfensu sai an tilasta musu da zafi. A nan ba a amfani da ruwa, sai dai wani mai na musamman wanda ba ya tafasa sai zafi ya yi tsanani. Akan kuma zuba sinadarin lulluɓi, galibi asid na oleyik, wanda yake cikin man zaitun da man gyaɗa. Kan wannan asid yakan kama fuskar ƙwaya, jelarsa mai maiƙo kuma ta miƙe waje, ta haka sai ya rage saurin girma ya kuma hana mannewa.

Hyeon da abokan aikinsa (2001) na Jami'ar Ƙasa ta Siyol a Koriya ta Kudu sun yi amfani da fentakabonil na baƙin ƙarfe, mai alamar Fe(CO)₅, suka sami ƙwayoyin oksayid masu girma ɗaya daga nanomita 4 zuwa 16. Sai dai wannan tushe guba ne, yana saurin tashi cikin iska, kuma yana fitar da iskar kabon monoksayid mai kisa. Sun da Zeng (2002) na cibiyar binciken kamfanin IBM a Amurka sun ɗauki wani tushe, wato asetilasetonet na baƙin ƙarfe, suka dafa shi a kan digiri 265, suka sami ƙwayoyin magnetayit masu nanomita 4. Daga nan suka mayar da waɗannan a matsayin iri, suna ƙara musu tushe suna sake dafawa, har girmansu ya kai wajen nanomita 20.

Aikin da ya fi fito da hikimar zaɓen tushe shi ne na Park da abokan aikinsa (2004), su ma daga Siyol. Sun haɗa tushensu da kansu daga kulorayid na baƙin ƙarfe da oliyet na sodiyam, wanda a zahiri wani nau'in sabulu ne, suka sami oliyet na baƙin ƙarfe. Suka narkar da giram 36 nasa cikin giram 200 na man oktadesin tare da giram 5.7 na asid na oleyik, suka riƙa ƙara zafi da digiri 3.3 a kowane minti har zuwa digiri 320, suka bar shi a nan minti 30. Ƙwayoyin da suka samu masu nanomita 12 ne, bambancin da yake tsakaninsu bai kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma sun nuna cewa ana iya samun har giram 40 a dahuwa ɗaya.

Sirrin wannan nasara yana jikin tushen ne. Kamar yadda suka bayyana, oliyet na baƙin ƙarfe yana fara kwancewa ne tsakanin digiri 200 zuwa 240, inda iri yake kafuwa, amma girma sosai ba ya kankama sai an kai wajen digiri 300. Ke nan tushen da kansa ya raba matakan nan biyu da LaMer ya ce a raba. Bugu da ƙari, da suka canza man dahuwa sai girman ya canza. Man da yake tafasa a digiri 274 ya ba da nanomita 5, mai tafasa a 287 ya ba da 9, mai 317 ya ba da 12, mai 330 ya ba da 16, mai 365 kuma ya ba da 22.

Duk da haka, wannan hanya tana da nata naƙasu. Tana buƙatar zafi mai tsanani wanda ba ya yankewa, da na'urar daidaita shi, da iskar naitirojin ko agon, da kuma mai masu tsada. Ƙwayoyinta suna fitowa ne da rigar maiƙo, don haka ba sa shiga ruwa sai an sake musu wani lulluɓi. Har ila yau, binciken da ya biyo baya ya gano cewa manyan ƙwayoyin da aka samu daga oliyet sukan ɓoye wani oksayid mai alamar FeO a cikinsu, wanda yake rage musu ƙarfin maganaɗisu idan ba a ba su isasshen oksijin ba.

2.8 Tantance Abin da Aka Samu

Ganin baƙar laka tana bin maganaɗisu bai isa hujjar cewa an sami abin da ake nema ba. Akan yi amfani da madubin ƙara girma mai aiki da elektiron a ga ƙwayoyin ƙuru-ƙuru, a auna ɗaruruwa daga cikinsu domin a san matsakaicin girmansu da bambancinsu.

Haka kuma akan haska garin da hasken eksire. Kowane kiristal yana karkatar da wannan haske ta kusurwoyin da suka keɓanta da shi, kuma gwargwadon ƙanƙantar kiristal gwargwadon faɗin layin da na'ura za ta zana. Scherrer (1918) ya ba da lissafin da yake danganta su, wato D = Kλ / β cos θ. Alal misali, idan aka yi amfani da hasken da ake samu daga jan ƙarfe, mai tsawon zango nanomita 0.154, babban layin magnetayit yakan fito a kusurwar 2θ ta wajen 35.5°. Idan faɗin layin ya kasance 0.8°, aka ɗauki K a matsayin 0.9, to girman kiristal zai kama kimanin nanomita 10.

Sai dai akwai wani tarko. Magnetayit da aka bari a iska yakan ci gaba da shan oksijin ya rikiɗe ya zama maghemayit, mai alamar γ-Fe₂O₃, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Ƙananan ƙwayoyi sun fi saurin yin haka saboda faɗin fuskarsu. Tsarin kiristal ɗin su biyun kusan ɗaya ne, domin faɗin ɗakin kiristal na magnetayit nanomita 0.840 ne, na maghemayit kuwa 0.835. Don haka hasken eksire kaɗai da wuya ya raba su, sai an haɗa da wasu gwaje-gwaje irin na Mössbauer ko na Raman. Mai bincike da ya rubuta cewa ya sami tsantsar magnetayit ba tare da irin wannan gwaji ba ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa.

2.9 Zaɓen Hanya Gwargwadon Buƙata

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa babu hanyar da ta tara komai. Wadda take da araha ba ta ba da daidaito, wadda take ba da daidaito kuma tana da tsada da haɗari. Abin da za a yi da ƙwayoyin shi ne zai yanke hukunci.

A fannin magani, alal misali, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Feridex a 1996 domin fito da hoton hanta a na'urar ɗaukar hoto mai aiki da maganaɗisu, ko da yake daga baya an daina yin sa. A 2009 kuma ta amince da ferumoksitol domin maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. Dukkansu ƙwayoyin oksayid ɗin baƙin ƙarfe ne masu lulluɓin dangin sukari, kuma irin waɗannan a cikin ruwa aka saba haɗa su, domin abin da za a saka a jini ya fi dacewa ya fito daga ruwa.

A fannin tsabtace ruwan sha kuwa, Yavuz da abokan aikinsa (2006) na Jami'ar Rice a Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin magnetayit masu nanomita 12 suna kama gubar asenik fiye da manya nesa ba kusa ba, sannan ana iya janye su daga ruwan da maganaɗisu marar ƙarfi sosai. Sun iya gano tasirin girma ne domin sun yi aiki da ƙwayoyi masu girma ɗaya. Wannan ya nuna cewa duk binciken da yake son sanin abin da girma yake haifarwa, ba shi da makawa sai ya bi hanyar da take ba da daidaito. Amma inda ake buƙatar abu mai yawa da kuɗi kaɗan, ko a ɗakin gwajin da ba shi da tabbacin wutar lantarki ta sa'o'i, hanyar kwantarwa cikin ruwa ita ce ta fi dacewa, muddin an kiyaye ma'auni da iska da pH.

2.10 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar ƙwayoyin nano da dalilin da ya sa girmansu yake da muhimmanci. An kuma kawo matakan kafa iri da girma, sannan aka bi hanyoyi uku na haɗa magnetayit, wato kwantarwa daga gishiri biyu, da hanyar tushe guda, da kuma wargaza tushe da zafi. An ga cewa saurin da sinadarin tushe yake sakin ƙarfensa shi ne yake tsara yawan irin da zai kafu, yawan irin kuma shi yake tsara girman ƙwayoyi da daidaituwarsu. A babi na gaba za a duba kayan aiki da matakan da ake bi wajen aiwatar da hanyar kwantarwa cikin ruwa, tare da matakan kariya da suka wajaba a kan mai aiki da amoniya da asid.